Haƙa Kufai ko Karanta Rubutun Dutse: Wace Hanya Mai Son Nazarin Maya Zai Bi?

A shekarar 1952 mutum biyu suka yi aikin da ya sauya abin da duniya ta sani game da mutanen Maya, masu tsofaffin biranen kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya, kuma ko kusa aikinsu bai yi kama da juna ba. Na farko, Alberto Ruz Lhuillier, yana cikin kurmin Palenque a kudancin Meziko. Tun 1949 ya lura da wani faifan dutse a daɓen ɗakin bauta da ke saman wata dala, an huda masa ramuka a jere an toshe su. Da aka ɗaga dutsen sai ga matakala ta gangara cikin dalar, an cika ta da duwatsu da ƙasa da gangan. Zango huɗu shi da ma'aikatansa suka yi suna kwashe cikon nan da hannu, ga zafi ga ƙarancin iska, kafin ranar 15 ga Yuni 1952 su leƙa ɗakin da aka binne Sarki Pakal.

Na biyun kuwa, Yuri Knorozov, saurayi ne ɗan shekara 29 a Leningrad, wanda bai taɓa taka ƙasar Maya ba, kuma bai samu zuwa ba sai 1990. Kayan aikinsa hotunan tsofaffin littattafan Maya uku ne, da bayanin da wani limamin Sifaniya, Diego de Landa, ya rubuta a ƙarni na 16. Daga kan teburinsa ya gano cewa da yawa daga cikin alamomin da ake ɗauka zane ne kawai, gaɓoɓin kalma ne da ake furtawa.

Duk wanda ya ƙudurta zai yi rayuwarsa yana nazarin Maya, wata rana zai tsaya a wannan mararraba: ko ya bi sahun Ruz ya zama mai haƙa, ko ya bi sahun Knorozov ya zama mai karanta rubutu. Digirin sau da yawa ɗaya ne, jami'ar ma ɗaya, amma yadda za ka kashe shekarunka, da kuɗin da za ka nema, da irin tambayar da za ka iya amsawa, duk sun bambanta ƙwarai. Ina da ra'ayi kan wadda ta fi dacewa da wanda ke nesa da yankin kuma aljihunsa ba nauyi, zan faɗe shi, amma bari mu fara ganin kowace a wurin aikinta.

Mai haƙa da rani yake rayuwa. A dajin Petén na arewacin Gwatamala, inda kufan biranen Tikal da El Mirador da San Bartolo suke, galibi daga Fabrairu zuwa Mayu ake aiki, domin da damina ta sauka hanyoyin sai su zama taɓo, ramukan haƙa su cika da ruwa. Ana tashi da asuba. A ja igiya a yanka ƙasa murabba'i, a riƙa kankare ta sannu-sannu da cokalin magina, kowane bokiti a zuba shi a rariya don kada ɗan tsingaro ko ƙashin kifi ya wuce. Duk abin da ya fito sai an auna zurfinsa, an zana, an ɗauki hoto, an sa masa lamba, saboda haƙa ɓarna ce da ba ta gyaruwa: ƙasar da ka tono ba za ta koma yadda take ba, abin da ka rubuta shi kaɗai zai rage. Ga kaska, ga sauro, ga ƙudan da cizonsa ke barin gyambo a kunne, ga macijin da suke kira barba amarilla. Wannan ba zuzutawa ba ce, yanayin wurin aikin ke nan. Bayan an dawo daga daji kuma sai watanni a ɗakin bincike ana wanke tsingaro ana rarraba shi, domin da siffar bakin tukunya da irin fentinta ake gane zamanin da aka yi gini.

Aikin yana cin shekaru. Jami'ar Pennsylvania ta shiga Tikal a 1956, ba ta tattara kayanta ba sai wajen 1970, kuma rahotannin aikin sun ɗauki wasu gomman shekaru suna fitowa. Sannan ba wanda ke haƙa shi kaɗai ko da izinin kansa. A Meziko hukumar INAH ce ke ba da izini, a Gwatamala IDAEH, a Beliz kuma Cibiyar Binciken Kayan Tarihi ta ƙasar. Kayan da aka tono mallakin ƙasar ne. Shugaban aiki yakan kashe rabin ƙarfinsa wajen neman tallafi, biyan ma'aikata, sayen abinci da man mota, da sasantawa da mutanen ƙauye. Waɗannan mutanen ƙauyen, da yawansu jikokin Maya ne, su ne ke riƙe da diga da shebur, kuma akwai waɗanda sun fi ɗalibin digiri na uku sanin inda daɓe ya ƙare ciko ya fara. Wanda ba ya iya zama da mutane cikin girmamawa, kada ma ya fara.

To me ake samu da ya kai wannan wahala? Ni abin da ya fi taɓa ni ba kabarin sarki ba ne, wani ɗan ƙauye ne a El Salvador da ake kira Joya de Cerén. Wajen shekara ta 600 wani dutse mai aman wuta ya binne shi da toka mai zurfin mita da yawa. Mutanen sun samu sun gudu, amma sun bar komai. Payson Sheets ya fara aiki a wurin a 1978, aka riƙa fito da gidajen talakawa kamar jiya aka fita daga cikinsu: tabarmin kwana a naɗe, wake a tukunya, kwanon abinci da shatin yatsun wanda ya suɗe shi, kunyoyin masara a bayan gida. A 2007 aka gano gonar rogo, abin da ya nuna ba masara kaɗai ta ciyar da su ba. Babu allon dutse ko ɗaya da ya ambaci waɗannan manoma. Marubutan Maya sarakuna da fadawa suka yi wa hidima. In kana son sanin abin da mace ta dafa, ko yadda gari ya tara ruwan damina ya sha har rani ya wuce, ko abin da ya sa aka watse daga manyan biranen kudu tsakanin 800 da 900, ƙasa ce za ta gaya maka, kuma sai ka haƙa.

Mai karanta rubutu kuwa, nasa dajin a kan takarda yake. Rubutun Maya yana da alamomi wajen 800. Wasu kalma ce guda, wasu gaɓa ce ta baƙi da wasali. Marubuci yana iya zana kan damisa ya nufi kalmar balam, yana iya kuma rubuta ta da gaɓoɓi uku, ba, la, ma, a jefar da wasalin ƙarshe. Ana harhaɗa alamomin cikin ɗan murabba'i, ana karanta layi bibbiyu, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa. Yadda Knorozov ya buɗe ƙofar abin sha'awa ne. Landa ya zaci mutanen suna da abacada irin ta Turawa, sai ya riƙa kiran sunan harafi da Sifaniyanci yana cewa marubucin Maya ya rubuta masa. Da ya ce "be", sai marubucin ya zana alamar gaɓar be. Knorozov ya fahimci kuskuren, ya gwada: kusa da hoton talo-talo ya karanta ku da tzu, wato kutz, sunan tsuntsun a harshen Yukatek; kusa da hoton kare kuma tzu da lu, wato tzul. Alama ɗaya ta ba da sauti ɗaya a kalmomi biyu. Shi dai Landa ɗin nan shi ne ya sa aka ƙona littattafan Maya a garin Maní a 1562, kuma huɗu kacal suka rage a duniya yau. Abin yana da ciwo a ce daga hannun wanda ya ƙona aka samu mabuɗin.

Babban masanin zamanin, Eric Thompson ɗan Ingila, ya yi ta yaƙar wannan fahimta har rasuwarsa a 1975, kuma hakan ya jinkirta aikin shekaru masu yawa. Ya kamata mai shigowa ya san haka, domin fage ne ƙarami, kowa ya san kowa, kuma maganar babba tana da nauyi ko da ta kauce.

Abin da zai ƙarfafa maka gwiwa shi ne irin mutanen da suka ciyar da fagen gaba. Tatiana Proskouriakoff zanen gine-gine ta karanta, da shi ta je Piedras Negras a 1936. A 1960 ta nuna cewa ranakun da ke jikin allunan dutsen garin sun kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni bai wuce tsawon ran mutum ɗaya ba, akwai ranar haihuwa, akwai ranar hawa gadon sarauta. Da wannan ta tabbatar tarihin sarakuna ne aka rubuta, a lokacin da manya ke cewa lissafin taurari ne da ibada kawai. Linda Schele malamar zane ce da ta je Palenque yawon buɗe ido a 1970 ta kamu da son wurin. A taron Palenque na Disamba 1973 ita da Peter Mathews, wanda ko digirin farko bai gama ba, tare da masanin harshe Floyd Lounsbury, suka fito da jerin sarakunan garin. David Stuart yana ɗan shekara 18 aka ba shi kyautar MacArthur a 1984 saboda karatun alamomin nan. Simon Martin, wanda tare da Nikolai Grube ya warware yadda daular Calakmul ta kewaye Tikal da sarakunan da ke mata biyayya, daga sana'ar zane ya fito. Ido mai lura da hannu mai zane sun shigar da mutane da yawa ta ƙofar da ba ta jami'a ba.

Ribar wannan hanya kuwa ita ce kana jin muryar mutanen da sunayensu. Ka san cewa a ranar 16 ga Janairu 378 wani mai suna Sihyaj K'ahk' ya iso Tikal, mutum mai alaƙa da birnin Teotihuacan na tsakiyar Meziko, kuma a ranar ce sarkin Tikal ya mutu. Ka san an ci Tikal da yaƙi a 562, ta rama a kan Calakmul a 695 ƙarƙashin Jasaw Chan K'awiil. Rariya ba za ta taɓa ba ka rana da wata haka ba. Amma kada ka ɗauka wasan kacici-kacici ne. Sai ka koyi harshen rubutun, wanda danginsa na kusa a yau shi ne Ch'orti', ka saba da ƙamusun da limaman Sifaniya suka rubuta, ka iya lissafin kalandarsu mai tafiya ashirin-ashirin wadda ta fara ƙirga daga shekara ta 3114 kafin Miladiyya. Kuma alamomi masu sauƙi an riga an karance su. Waɗanda suka rage masu taurin kai ne, mutum na iya shekara a kan guda. Akwai kuma wata matsala ta amana: tukwane masu rubutu da yawa da ke gidajen tarihi da hannun attajirai ɓarayi ne suka tono su, ba wanda ya san kabarin da suka fito. Kowane mai karatu sai ya yanke wa kansa yadda zai yi da su.

Wuri biyu na fi so in nuna wa duk mai saurin raina ɗaya hanyar. Na farko kabarin Pakal ɗin nan ne. Masanan da suka duba ƙasusuwansa a zamanin Ruz sun ce mutumin bai wuce shekara 40 zuwa 50 ba. Da aka karanta rubutun sai ya ce an haife shi a 603, ya hau mulki a 615 yana ɗan shekara 12, ya rasu a 683, wato shekararsa 80. Ruz bai yarda ba har ya rasu a 1979. Sai a 1999 da Vera Tiesler da abokan aikinta suka sake duba ƙashin da sababbin dabaru aka ga alamun tsufa. Haƙoransa da ba su zaizaye ba, waɗanda suka ruɗi na farko, na mutum ne da ya rayu yana cin abinci mai laushi. A nan rubutu ne ya gyara wa ƙashi. Na biyu a Río Azul ne, inda a 1984 aka tono wata tukunya mai murfin da ake murɗawa ya kulle. Stuart ya karanta ka, ka, wa a jikinta, wato kakaw, kokon da ake yin cakulan da shi. Aka kai busasshen abin da ke ciki ɗakin gwajin kamfanin cakulan na Hershey, sai ga sinadaran koko. Da ɓarayi ne suka fara isa kabarin suka wanke tukunyar don sayarwa, da wannan shaida ta tafi har abada. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka a wannan sana'a, shi ya sa manyan ayyuka ke tafiya da mai karanta rubutu a cikin tawaga.

Akwai kuma wata ƙofa ta uku da ta buɗe a baya-bayan nan, tana ɓangaren masu haƙa amma rabin aikinta a kwamfuta ne. Na'urar LiDAR ce, wadda ake ɗora wa jirgi tana harba hasken leza ƙasa, a cire itatuwa daga hoton a ga shatin gine-gine. Arlen da Diane Chase sun shekara sama da 20 suna sara daji a Caracol ta Beliz suka zana taswirar murabba'in kilomita 23. A 2009 jirgi ya ɗauko musu 200 cikin 'yan kwanaki. Binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna gine-gine sama da 61,000 a cikin murabba'in kilomita 2,144 na Petén. Takeshi Inomata da tawagarsa sun sanar da Aguada Fénix a 2020, dandamali mai tsawon mita 1,400 da aka gina tsakanin 1000 da 800 kafin Miladiyya. A 2024 kuma wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Tulane, Luke Auld-Thomas, ya gano birnin da aka sa wa suna Valeriana a cikin bayanan da aka tattara tun 2013 don auna daji, waɗanda ke ajiye a intanet. Sai dai hoton sama ba ya faɗin shekarun gini, ba ya bambance kowane tudu da aikin mutum. Dole wani ya je da ƙafa ya duba, gani ya kori ji.

Yanzu batun abinci, wanda ba ya kyautu a ɓoye wa matashi. Guraben da ake ɗaukar mutum don karanta rubutun Maya zalla ƙalilan ne ƙwarai a duniya: 'yan kujeru a jami'o'i irin su Texas a Austin, Bonn a Jamus inda Grube ke jagorantar aikin ƙamus tun 2014, Cibiyar Nazarin Maya ta babbar jami'ar Meziko, da wasu gidajen tarihi. Mai haƙa ya fi samun inda zai dafa. Ko bai samu kujerar koyarwa ba, akwai aikin ceto kayan tarihi kafin a yi hanya ko gini. Layin dogon Tren Maya kaɗai ya ɗauki masana masu yawa aiki, ko da yake 'yan ƙasar Meziko ne akasari. Mafi muhimmanci, sana'arsa tana bin sa duk inda ya je. Wanda ya iya karanta jerin ƙasa, ya iya tsingaro, ya iya taswirar kwamfuta, zai yi aiki a kufan Nok ko Turunku kamar yadda zai yi a Petén. Wanda ya ƙware a alamomin Maya kaɗai ba shi da wannan mafita.

Wajen kuɗin shiga kuwa lamarin ya juya. Makarantun koyon haƙa na lokacin hutu, irin wadda Jaime Awe ya kafa a kwarin kogin Beliz tun 1988, suna cin dubban daloli in an haɗa da jirgi, ga neman biza. Beliz tana da sauƙi ɗaya, Turanci ne harshen gwamnatinta. Rubutu kuwa yau da dare za ka iya farawa: Harri Kettunen da Christophe Helmke sun rubuta littafin koyo da ƙungiyar Wayeb ta sa a intanet kyauta, zane-zanen Schele da hotunan tukwane na Justin Kerr ma suna nan a buɗe. Sifaniyanci dai ba makawa a kowace hanya. Da shi ake rubuta rahoton hukuma, da shi ake taron shekara-shekara na masana a birnin Gwatamala, da shi za ka gaisa da wanda ke riƙe maka bokiti.

Ga ra'ayina. In kana nesa da yankin, ka fara da rubutu, amma ka yi digirinka a matsayin mai binciken kufai. Ka fara da rubutu domin shi ne gwajin da ba ya cin kuɗi, kuma wasiƙar neman gurbin karatu daga wanda ya riga ya iya karanta ranar hawan sarki a allon dutse tana da nauyin da kalmar "ina sha'awa" ba ta da shi. Ka yi digirin haƙa domin shi ne zai riƙe ka in ƙofar Maya ta yi jinkirin buɗewa. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Ibadan duk suna da sashen wannan ilimi, kuma cokalin da za ka koyi riƙewa a can shi ne dai ake riƙewa a Tikal. Ka ƙara da ƙwarewa guda da tawaga ke nema, ko tsingaro, ko ƙashi, ko taswirar LiDAR. Wanda zan ce ya rungumi rubutu kacokan shi ne wanda harshe ke ɗauke masa hankali har ya manta da abinci, ko wanda lafiyarsa ko nauyin iyali ba za su bar shi ya yi wata uku a daji duk shekara ba. Shi ma ya sani koyarwa ko wani aikin ne zai ciyar da shi kafin fagen ya san da shi. Wanda kuma zama wuri ɗaya ke gundurarsa, yake son jagorancin mutane, kuma tambayarsa a kan talaka take ba sarki ba, kada ya ɓata lokaci, ƙasa ce tasa. Ya koyi rubutun daidai yadda zai gane kwanan wata in ya tono dutse.

In har yanzu zuciyarka ta rabu biyu, ka ba kanka wata uku. Kowace safiya ka ɗauki fensir ka kwafi murabba'i biyar daga rubutun Palenque, ka rarraba alamominsu, ka nemo sautin kowace. A cikin watannin kuma ka roƙi wani malami a sashen binciken kufai mafi kusa da kai ya bar ka ka zauna mako biyu kana wanke tsingaro da buroshi kana rubuta musu lamba. Ka lura da wanne daga cikin biyun kake ɗokin komawa a rana ta goma, lokacin da sabunta ta gushe, yatsu suka yi sanyi a ruwan wanki, alamar da ka kwana uku a kanta kuma ta ƙi karantuwa.